Neman Kaka A Cikin Sojan Glover Ba Tare Da Ɓata Wa Gwaggo Rai Ba

Kowane babban gida yana da kaka guda wanda ƙarfe ba ya cinsa. In tushen gidanku ya bi ta Ikko ko Ankara ta Gana ko Kumasi ko Salaga, ba mamaki naku kakan an ce ya yi soja tun kafin mutane su san mene ne soja, ya kafa jar dara, ya je yaƙin Ashanti, ya komo da lambar azurfa a ƙirji, har Bature ma yakan miƙe tsaye in ya shigo. Tun kana tsugune gaban akushi kake jin labarin nan. Yanzu ka girma, kana da waya mai intanet da ɗan kuɗin mota, zuciyarka ta ce sai ka ga sunansa a rubuce. Madalla da wannan niyya. Mutumin nan ya rayu da gaske, ya ratsa dazuzzuka ba takalmi a ƙafarsa, kuma wata rana wani akawu ya tsoma alƙalami a tawada ya sa shi a kundi. Ana iya samunsa. Sai dai abin yana da ladubba.

Ka fara sanin rundunar da kake nema. A 1861 Turawan Ingila suka karɓe Ikko daga hannun Sarki Dosunmu. A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Hawley Glover, wanda ya san kogin Kwara tun lokacin da jirginsu Dayspring ya farfashe a Jebba a 1857, ya tara 'yan arewa mazauna Ikko ya danƙa musu bindiga don tsaron gari da kewayensa. Rundunar sojan Nijeriya ta yau daga nan take lissafa asalinta, tana cewa da mutum 18 aka fara. 'Yan tsirarun nan ne suka yawaita suka zama Hausa Constabulary. A 1879 aka kafa irinta a Gold Coast, wato Gana ta yanzu, daga cikin mutanenta. Wajen 1901 duka aka zuba su cikin babbar rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya fara haɗawa a 1897. Riƙe waɗannan shekaru da kyau, domin kowace canjin suna tana nufin canjin ɗakin da takarda take kwance.

Sannan ka ɗauki biro ka yi ɗan lissafi kafin ka tashi kowa daga barci. Saurayin da ya bi Glover zuwa kogin Volta a 1873 yana ɗan shekara 20, an haife shi wajen 1853. In kai shekarunka 30 da 'yan kai, wannan ba kakanka ba ne, kakan kakanka ne, ko uban kakanka in an yi haihuwar tsufa. Gidajenmu suna da karamci ƙwarai, sukan tattara mazan jiya uku su yi musu rawani ɗaya. Shi ya sa za ka ji kaka guda ya ci Kumasi a 1874, ya kori Jamus daga Garwa a 1915, sannan ya yi artabu da Japan a dajin Bama a 1944. Tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 70 ne cif. In lissafi ya nuna maka haka kada ranka ya ɓaci, ka fito neman jarumi ɗaya ne Allah ya ba ka uku. Aikinka ka raba su, kowa ka mayar masa da yaƙinsa.

Yanzu sai wajen Gwaggo, kuma a nan zan daɗe, domin duk gidajen ajiyar tarihi na duniya bayanta suke. Takardar Landan za ta jira ka shekara 50 nan gaba. Gwaggo kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, amma ka je makon nan. Kada ka je hannu rabbana. Riƙe goro mai kyau da ɗan turare, ka durƙusa ka gaishe ta har gaisuwa ta ƙare don kanta, ka ci abin da aka ajiye maka ko da ka ƙoshi. Kada ka kuskura ka buɗe baki da "Gwaggo, a wace shekara aka ɗauke shi soja?" Kallonka za ta yi sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, ni na haife shi?" Shi ke nan hira ta mutu. Tsofaffi ba da lamba suke ƙirga zamani ba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Ce mata, "Gwaggo, da jirgin ƙasa ya iso Kano yana da rai?" Wannan 1911 ke nan. "An ce ya ga tauraruwa mai wutsiya?" Wannan 1910. Babbar yunwa ta 1914 da annobar mura ta 1918 su ma turaku ne da za ka ɗaure labari a jikinsu.

Tambaye ta ƙananan abubuwa, su ne manya. Wane laƙabi abokansa ke kiransa da shi? Yaya kirarinsa yake? Wace irin tsaga ce a fuskarsa, guda nawa, a kunci ko a goshi? In ya fusata, da wane yare yake faɗa? Mutum yana iya yin Hausa shekara 60 a bariki da zango, amma ranar da akuya ta ci masa shuka harshen uwarsa ne zai fito. Wane abinci yake marmari? Tsohon da ya mutu yana begen dokunu da kifi ya riga ya nuna maka hanyar Ankara. In kuma Gwaggo ta ce da harsashi guda ya kayar da mutum 40, kada ka yi murmushi, kada ka gyara zama. Ce "Ikon Allah!" ka rubuta. Ba ka yi ƙarya ba, ikon Allah ne ko 40 ne ko guda. A cikin irin wannan labari sau da yawa akwai sunan kogi ko na gari ko na wani Bature da aka lanƙwasa, kuma wannan sunan ne zai buɗe maka kundi. Nemi izininta ka naɗi muryarta a waya. Baffa kuwa ka same shi daban, a wata rana daban. In ka haɗa su zama ɗaya, a kan gadon wata gona za a ƙare, kakan soja ko ambatonsa ba za a sake yi ba.

In Gwaggo ta yarda da kai, za ta sa a jawo adaka daga ƙarƙashin gado. A nan sai ka riƙe hannunka. Lambar yabo ta Turawan Ingila galibi a gefenta ake sassaƙa lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa, da ƙananan baƙaƙe. Akwai mai son kakansa da zai ga ta yi baƙi ya ɗebo toka da lemun tsami ya dirje ta har ta yi walƙiya, ya goge sunan da ya zo nema. Tsumma mai laushi ya isa, sai hasken rana da hoto daga kowace kusurwa. Duba ɗan ƙarfen da aka gicciya a saman lambar. In ka ga Coomassie, yaƙin 1873 zuwa 1874 ne. In ka ga 1892, ka fara tunanin yaƙin Ijabu. In Kumassi ka gani, na 1900 ne, yaƙin Yaa Asantewaa, lokacin da aka tsare Gwamna Hodgson a cikin sansanin Turawa na Kumasi, wanda yau ya zama gidan tarihin soja. Tauraron tagulla na 1896, na tafiyar da aka kama Sarki Prempeh, shi ba suna aka raba shi, saboda haka kada ka ƙure idonka a kansa. Takardar sallama in ta tsira daga gara, ta fi zinariya. Laya kuma laya ce, kada ka farke ta kana neman lambar soja. Kai wa malamin gidan, ka ce, "Allah ya gafarta Malam, a duba mana." Rubutun ajami da ke cikin adakar shi ma a ba wanda ya iya, don wani lokaci wasiƙa ce da sunan gari a kanta.

Lambar sojan nan ita ce ranka, ga dalili. Akawun bariki ba ya tambayar sunan uba da na kaka. Sunan yanka yake rubutawa ya liƙa masa gari ko ƙabila: Musa Kano, Ali Bauci, Garba Sakkwato, Audu Zazzau. Neman Musa Kano a kundin Hausa Constabulary tamkar ka tsaya a filin jirgin Kano lokacin dawowar alhazai ne ka ƙwala kira "Alhaji!" Kowa zai waiwayo, kowa kuma da gaskiyarsa. Ba ruwanka da murnar ganin Musa Kano na farko. Jira sai lamba ta yi daidai, ko tsagar fuska, ko shekara da wurin yaƙi. Rajistar ɗaukar kurata takan nuna ƙabila da gari da tsawo da alamun jiki, shi ya sa na ce ka ƙirga tsagar nan tun a ɗakin Gwaggo.

Ga kuma kunnen Bature. Ibrahim zai fito maka a Brimah ko Braimah, Musa a Moosa, Audu a Awudu, Garba a Garuba, Muhammadu a Momo ko Mama ko Momodu, Katsina a Katsena. Hausa kanta a takardun 1870 da 'yan kai Houssa ake rubuta ta. Karanta sunan da ƙarfi, ka ja shi yadda baƙo zai ja, sai ka ji naka ya fito daga ciki. Kada kuma sunan rundunar ya ruɗe ka. Hausa ita ce harshen fareti da na bariki, amma a cikin sahu akwai Barebari da Nufawa da Yarbawa da Zabarmawa da Mosawa da Dagwamba da Gurunsawa. Sojan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Farko, a ƙasar Togo cikin Agusta 1914, sunansa Alhaji Grunshi, ƙabilarsa ce ta zama sunansa. Garin da aka liƙa wa kakanka ma zai iya zama inda ya yada zango ne kawai, ko inda ya ga ya fi sauƙin faɗa.

To, ina takardun suke? Zuwa da kai ya fi saƙo, amma fara da abin da waya za ta iya. A gidan ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, a Landan, jerin waɗanda aka ba lambar yabo yana ƙarƙashin WO 100, kuma an ɗora hotunan da yawa daga ciki a intanet. Wasiƙun gwamnan Ikko suna CO 147, na Gold Coast suna CO 96, na rundunar Lugard suna CO 445. A wasiƙun nan ne akan ci karo da sunan soja in ya yi bajinta, ko ya ji rauni, ko ya nemi haƙƙinsa, ko ya yi laifi. Kada ka ji kunyar na ƙarshen. Soja mai ladabi yakan wuce ba a ambace shi ba, mai taurin kai kuwa shafi guda ake cika masa, har da abin da ya faɗa wa saje. Takardun Glover na kansa suna ɗakin karatu na Jami'ar Cambridge.

A gida, gidan ajiyar takardun tarihi na Nijeriya, wanda Kenneth Dike ya yi ɗawainiyar kafawa a 1954, yana da rassa a Badun da Kaduna da Inugu. Al'amuran Ikko Badun za ka nufa, cikin harabar jami'a. Abin da ya shafi lardunan arewa bayan 1900 kuwa Kaduna, in ka gama ka leƙa Gidan Arewa. Ga wani abu da ke ɓatar da mutane da yawa: daga 1874 zuwa 1886 Ikko a ƙarƙashin gwamnan Gold Coast take. Saboda haka kakan da ya rantse bai taɓa barin Ikko ba, sunansa na iya kwana a Ankara, a ma'ajiyar PRAAD. Tafi da takardar shaida da fensir da haƙuri buhu guda. Gai da ma'aikacin ɗakin karatu da kyau, ka gaya masa abin da kake nema dalla-dalla, don ya san kundayen nan fiye da kowace kwamfuta. Takarda mai shekara 140 a hankali ake juya ta, ba da yawu a yatsa ba. Kafin ka tafi ka karanta littafin Tekena Tamuno kan tarihin 'yan sandan Nijeriya da na Sam Ukpabi kan asalin sojan Nijeriya, don kada ka kashe kuɗin mota a kan abin da wani ya riga ya tono.

In ka duba ko'ina babu shi, kada ka yanke cewa Gwaggo ta shirga maka. A bakin mutanen da, "soja" hula ce mai faɗi. Dogarin sarki yana shiga, ɗan doka yana shiga, mai begila yana shiga, ɗan dakon da ya ɗauki akwatin harsashi a ka shi ma yana shiga, kuma wahalarsa ba ta gaza ta mai bindiga ba. Kamfanin Neja yana da nasa sojojin tun 1886. Faransawa sun ɗebi Hausawa a Dahomey, Jamusawa sun ɗiba a Togo da Kamaru, har Sarki Leopold na Beljiyam ya kai wasu Kwango. Jar dara ba ta mutum ɗaya ba ce. Kafin ka yi nisa haka, gai da Sarkin Zango a Kumasi ko Sarkin Hausawa a Agege, ka zauna da dattawan masallaci a Nima ko Sabon Zango. Tsofaffin sojoji da yawa a zanguna suka yi aure suka kafa gida, kuma akwai gidajen da har yau da sunan saje ko samanja ake kiransu.

Batun cin Kumasi kuma, tambayi da wa ya tafi. Janar Wolseley ya shiga garin ranar 4 ga Fabrairu 1874, ya cinna masa wuta ya juya. Ayarin Glover da ya taso daga gabas, ta wajen Volta, ya iso bayan 'yan kwanaki ya tarar da toka. Ba sai ka kai wa Gwaggo wannan labari da gudu ba. In ka kai, ka haɗa mata da ragowarsa: gabatowar ayarin nasu na cikin abin da ya sa Sarki Kofi Karikari ya aiko neman sulhu, kuma Hausawa ne suka harba igwa a Amoaful ranar 31 ga Janairu, ƙarƙashin Kyaftin Rait.

Akwai abu biyu da kundi zai iya faɗa maka waɗanda ba na raha ba ne, kuma gara ka shirya musu tun daga gida. Na farko, da yawan mutanen Glover na fari bayi ne da aka kamo a yaƙe-yaƙen arewa aka sayar kudu, suka gudo daga hannun iyayengijinsu. Da ya je ɗibar mutane a Ankara a 1873, masu bayi sun tayar da rigima saboda bayinsu na kwararowa wajensa. In ka tarar kakanka cikinsu yake, to ka tarar da mutumin da aka raba da uwarsa da garinsa, ya tsinke igiya da kansa, ya sayi 'yancinsa da jininsa, ya kafa gidan da kai ka fito daga ciki. Ni a wajena wannan ya fi labarin harsashi guda da mutum 40 girma nesa ba kusa ba. Amma magana ce mai nauyi a wasu gidaje, don haka dattawa za ka fara gaya wa a keɓe, ba dandalin WhatsApp na dangi ba.

Na biyu, bindigar da ya riƙe ta mamaya ce. Ita ta buɗe Ijabu a 1892. Sojojin Kamfani da ita suka ci Bida da Ilori a 1897. Waɗanda suka harba igwa a ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, hafsoshinsu ne Turawa, sahun kuwa baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana. Su ne a Sakkwato cikin Maris, su ne a Burmi cikin Yuli inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ba abin mamaki ba ne ka samu kakanka na wajen uba yana bayan igwa, na wajen uwa yana kan ganuwa. Kada ka wanke shi, kada ka tsine masa. Rubuta inda ya tsaya da abin da aka yi a wurin, ka rubuta kuma abin da ya kai shi, sannan ka yi wa dukansu addu'a.

In ka kammala, rubuta abin cikin Hausa mai sauƙi. Ware abin da takarda ta faɗa daga abin da Gwaggo ta faɗa, kowanne da sunan mai shi, don jikanka kada ya sake haɗa mutum uku. Buga kwafi da yawa ka rarraba, ka ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya, lambar yabon kuma ka mayar da ita adakar da ka same ta, ko da ɗan kawunka ya ce ya san wani mai saye a Landan. Karanta wa Gwaggo da bakinka. In ka zo kan lambar sojansa da tsawonsa da tsagarsa za ta ce, "Ai na gaya maka," kuma ta gaya maka ɗin. Kafin ka tashi sai ka tambaye ta matarsa. Matan soja a bariki suke zaune, har da magajiyarsu mai raba musu gardama, su ke daka da girki da saye da sayarwa, amma akawu bai buɗe musu kundi ba. Sunan kakarka da garinsu da yadda aka yi ta auri mai jar dara ba su a Kew, ba su a Badun, ba su a Ankara. Saboda haka sayo wani goron, ka komo jibi da safe kafin rana ta yi zafi.